Daga Katsina Zuwa Dajin Turare: Yadda Na Je Na Ga Kowala da Idona

Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a wata kwalejin horar da malamai a jihar Katsina, kuma duk shekara idan muka iso babin rarraba dabbobi gida-gida, sai in rubuta kangaru da wambat da kowala a allo a ƙarƙashin dabbobi masu jakar goyo, ɗalibai su kwafa, su haddace, su mayar mini a takardar jarrabawa, alhali daga ni har su babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikin ukun. Saboda haka da takardar gayyata ta zo mini ta halartar wani taron malaman kimiyya a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya a watan Oktoba na 2024, tun kafin in gama karanta jadawalin taron na riga na ware kwanakin da zan je in ga kowala.

Neman biza ya ci watanni, har sai da na je Abuja aka ɗauki hoton yatsuna goma, aka kuma gargaɗe ni kada in kuskura in bar katin rigakafin shawara a gida, domin duk wanda ya fito daga Nijeriya ana iya tambayarsa shi a can. Ranar tafiya na bar Katsina bayan sallar asuba a motar haya. Shingayen jami'an tsaro da muka wuce kafin Kano ban tsaya ƙirga su ba, amma na lura da wani abu da na saba wucewa ba tare da na ɗaga kai ba, wato dogayen bishiyoyin turare, waɗanda wasu ke kira zaiti, da aka daddasa a bakin hanya da harabar makarantu domin su tare iska da kwararowar hamada. Asalin wannan bishiya Ostareliya ne, kuma irin da aka fi dasawa a wajenmu, wanda masana ke kira Eucalyptus camaldulensis, yana cikin waɗanda kowala ke ci. Ashe abincin dabbar da zan ƙetare rabin duniya in gani yana nan tsaye a ƙofar ajina tun kafin a ɗauke ni aiki.

Daga Kano jirgi ya kai mu Doha, daga Doha kuma muka yi kusan awa 14 a sama ba sauka. A cikin jirgin aka raba mana wani kati da ke tambayar ko mutum yana ɗauke da nama, ko 'ya'yan itace, ko iri, ko takalmin da ya taka gona. Uwargida ta cusa mini kilishi da ƙullin yaji a jaka ba da shawarata ba, kuma sai da na yi ta wasiwasi kafin na rubuta gaskiya. Gaskiyar ce ta fisshe ni, domin da muka sauka sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa yana bin jakunkuna yana sansana, da ya zo kan tawa ya zauna daram. Jami'ar da ta buɗe jakar ta yi mini bayani cikin ladabi cewa naman ba zai shiga ƙasar ba, ta jefa shi a kwandon shara a gabana, ta kuma ce da ban rubuta ba da tara mai nauyi ta hau kaina. A lokacin na ji zafin abin, amma malamin ilimin halittu ba shi da bakin ƙorafi, domin ƙasa ce da teku ya raba ta da sauran duniya tun shekaru miliyoyi, dabbobinta da tsirranta suka tashi su kaɗai, kuma zomo da yanyawa da kyanwa da Turawa suka shigo da su sun yi musu ɓarnar da har yau ba a gama gyarawa ba.

Wanda ya tarbe ni wani ɗalibi ne ɗan Zariya da ke karatun digirin digirgir a can, wanda wani abokin aikina ya haɗa mu. Ya ce, "Malam, barka da hanya, ai ka yi ƙoƙari, wannan tafiyar ko mu matasa tana karya mu." Ya sauke ni a wani ɗan ɗaki na baƙin ɗalibai. Agogonsu yana gaban namu da awa 9, don haka kwana uku ina farkawa tsakar dare ido biyu. Dalar Ostareliya ɗaya a lokacin ta haura naira 1,000, kuma farantin shinkafa da nama a shagon halal ba ya kasa dala 20, sai na koma dafa taliya a ɗaki. Abu ɗaya ne na samu da araha, wato motar bas da jirgin ƙasa na cikin gari, waɗanda gwamnatin jihar Kwinsland ta mayar da kuɗinsu santi 50 kacal tun watan Agusta na shekarar. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Holland Park, wanda tarihinsa ke komawa 1908, kuma a nan na fuskanci alƙibla ta wajen yamma, ni da a harshena gabas da alƙibla kusan kalma ɗaya ce.

Zaman taron bai da abin ba da labari, in ban da yammacin rana ta uku da aka zagaya da mu ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Wata malama dattijuwa ta jera mana ƙoƙunan kai guda uku a kan tebur, na kowala, da na wambat, da na kangaru, ta ce kowa ya ɗauka ya duba muƙamuƙin ƙasa. A dukkan ukun, haƙoran gaba na ƙasa guda biyu ne rak, manya, sun miƙe gaba kamar bakin kurfi, bayansu giɓi, sannan turame. Wannan shi ne ma'anar sunan rukunin nasu, Diprotodontia, wato masu haƙora biyu na gaba, sunan da na daɗe ina rubutawa a allo ban taɓa taɓa shi da yatsa ba. Alama ta biyu tana ƙafar baya, inda yatsa na biyu da na uku suke manne cikin fata ɗaya, farce biyu kawai ke leƙowa, kuma da su dabbar take taje gashinta kamar da matsefi. Duk dabbar da ta haɗa waɗannan alamomi biyu, 'yar wannan rukuni ce. Daga nan sai rukunin ya rabu ɗaki-ɗaki, kangaru da danginta suka yi nasu wuri, kowala da wambat kuma suka zama 'yan ɗaki ɗaya da ake kira Vombatiformes. Da farko abin yana da wuyar yarda, domin wambat gajeriyar dabba ce mai haƙa rami ta kwana a ƙarƙashin ƙasa, kowala kuwa a ƙolin bishiya take rayuwarta. Amma dukansu biyu ba su da jela sai ɗan guntun da ba a gani, kuma bakin jakar goyonsu ba sama yake kallo ba kamar ta kangaru. Masana sun ƙiyasta cewa kakanninsu sun rabu shekaru miliyan 30 zuwa 40 da suka wuce. A cikin danginta na kusa kuwa, wanda ake kira Phascolarctidae, kowala ita kaɗai ta rage a raye, sauran sai dai ƙasusuwansu da ake tonowa a wurare irin su Riversleigh a arewa maso yammacin Kwinsland. A ɗakin nasu ma an yi wata ƙatuwa mai suna Diprotodon da girmanta ya kai na karkanda, ita ma ta ƙare tun dubban shekaru.

Na tambayi malamar dalilin da ya sa har yanzu wasu ke kiran kowala beyar, wato ƙatuwar dabbar dajin nan mai yawan gashi ta ƙasashen sanyi. Ta yi dariya ta ce kuskuren ya shiga har cikin sunanta na kimiyya, ba ya kuma fita. Turawan farko da suka ga dabba mai kauri, mai zagayayyun kunnuwa, marar jela, sai suka tuna da beyar ɗin ƙasarsu. A 1816 wani masani Bafaranshe, de Blainville, ya raɗa mata Phascolarctos, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar jaka da beyar, a shekara mai biye kuma wani Bajamushe, Goldfuss, ya kawo cinereus, wato mai launin toka. Cikakken sunan ke nan, beyar mai jaka mai launin toka, kuma dokar raɗa sunaye ba ta yarda a canja suna don kawai ma'anarsa ta zama kuskure ba. Kama da wane dai ba ta wane. Beyar tana rainon ɗanta a ciki ta hanyar cikakkiyar mabiyiya kamar akuya da ɗan Adam, ta fuskar dangantaka ma ta fi kusa da mu a kan kusancinta da kowala. Shi kuwa sunan kowala ya fito ne daga harshen Darug na 'yan asalin yankin Sidni, waɗanda suka san dabbar tun kafin wani Bature ya taka ƙasar.

Ranar Asabar muka hau bas daga tsakiyar gari zuwa Lone Pine, gidan kowala da ke bakin kogin Birisben, ni da ɗan Zariya. Kuɗin shiga ya haura dala 50 kowane mutum, na biya ina lissafin buhun masara nawa ke nan a kasuwar Dandume. An buɗe wurin a 1927 da kowala biyu kacal, a daidai shekarar da gwamnatin jihar ta buɗe farautar dabbar na wata guda, aka kashe kimanin 600,000 domin fatarsu, abin da har yau suke kira Baƙin Agusta. Ɗan Zariya ya so a ɗauke shi hoto rungume da ita don ya aika gida, amma aka ce mana tun farkon watan Yuli an daina ba baƙi su ɗauka, sai dai a tsaya kusa a kalla.

Gaskiya ganin farko bai burge ni ba. Wani dunƙulen toka ne cushe a tsakanin rassa biyu, kai a sunkuye, ko motsi babu, na gaba da shi ma haka, na bayansa ma haka. Ɗan Zariya ya ce, "Malam, wannan ai mun biya kuɗi ne mu kalli barci." Wata ma'aikaciya da ke sauya musu ganye ta ji muna dariya, da ta fahimci ni malami ne sai ta tsaya ta ba mu lokacinta. Ta miƙo mini ganye ɗaya ta ce in murza in sansana. Ƙamshin nan ne na man zaiti da iyayenmu ke shafa mana idan mura ta kama mu. Ta ce wannan ƙamshin da muke so guba ce bishiyar ta tanada don korar masu cinta, ga ganyen da tauri, ga ƙarancin abin gina jiki, shi ya sa dabbobi kaɗan ne ke iya dogara da shi. Na tuna cewa a wajenmu ko akuya, wadda ba ta barin takarda, ba ta cika kula ganyen turare ba. Abincin wani gubar wani, kuma daga wannan ganye aka gina duk jikin kowala. Turamenta masu kaifi ne, suna daddatsa ganyen ya yi laushi ƙwarai. Hantarta tana da ƙarfin warware gubar, kuma da aka kammala karanta dukkan ƙwayoyin gadonta a 2018, an tarar tana da ninkin waɗanda ke wannan aiki fiye da yadda aka saba gani. Sannan akwai wani makahon hanji, wanda a jikinmu ɗan guntu ne da afendis ke maƙale da shi, amma a jikinta tsawonsa ya kai mita 2, a dabbar da ita kanta ba ta kai mita ɗaya ba. A nan ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna narkar da ganyen a hankali har tsawon kwanaki. Saniya a gaba take da tukunyarta, wato tumbi, kowala kuwa a baya take da tata. Duk da wannan wahala abin da take samu kaɗan ne, don haka sai ta koyi tsimi. Tana kwana ko hutawa har awa 18 zuwa 20 a yini, jikinta yana ƙona abinci a hankali, ƙwaƙwalwarta ma, wadda ita ce gaɓa mai cin tsada, ƙarama ce da ba ta wuce giram 20 ba, ba ta ko cika ƙoƙon kan ba. Masu cewa ganyen ne ke bugar da ita ba su yi daidai ba, talaka ne kawai da ya san abin da ke aljihunsa.

Muna tsaye sai ɗaya ta farka, ta miƙa hannu ta jawo reshe, ta sansana ganye ta ƙi, ta sansana wani ta ƙi, sai a na uku ta fara ci. Ma'aikaciyar ta ce irin turare ya haura 600 a ƙasar, amma waɗanda kowala ta fi so ba su wuce 30 ba, kuma ko a iri ɗaya tana iya cin wannan bishiya ta ƙi ta kusa da ita saboda bambancin yawan guba. Gidan nasu ma gonakin turare gare shi na musamman, kullum ana yanko sabon ganye. Ni kuwa hannun na zuba wa ido. Yatsu biyar ne, amma biyu suna gefe ɗaya suna fuskantar uku, tamkar mai babban yatsa biyu, kowanne da baƙin farce mai lanƙwasa, ta yadda idan ta damƙi reshe ya damƙu. Ma'aikaciyar ta nuna mana hoton tafin yatsan da aka ƙara girmansa, sai ga zane-zane masu zagaye irin namu sak, waɗanda wambat da kangaru, 'yan'uwanta na jini, ba su da su. Na dubi yatsuna da aka danna a na'ura a Abuja, na ce wa ɗan Zariya wannan ita ma sai a yi mata biza. A aji muna koyar da cewa halittu biyu da ba dangi ba suna iya yin kama idan bukata ɗaya ta same su, ga shi a gabana, mu da ita duka masu kamawa ne da lalube da yatsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata uwa da ɗanta a bayanta, ya ƙanƙame gashinta, ya kwantar da kai a kafaɗarta, goyo sosai sai dai babu zani. Cikin kowala kwana 35 ne ko ƙasa da haka kaɗan. Abin da take haifa bai wuce ƙwayar wake ba, tsawonsa kamar santimita 2, nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, babu gashi, babu ido, babu kunne, sai hannuwa biyu masu ƙarfi da yake jan jiki da su shi kaɗai har ya shiga jaka. A ciki akwai kan nono biyu, ya kama ɗaya, ya kumbura a bakinsa ya riƙe shi, a nan zai ƙarasa halittar da ɗan akuya ke yi a cikin uwarsa. Bakin jakar yana da tsoka mai tsukewa kamar bakin zabira don kada ya faɗo. Bayan kamar wata shida sai maganar yaye ta taso, kuma a nan ne na ga ɗan Zariya ya yamutsa fuska. Jaririn ba shi da ƙwayoyin da ke narkar da ganye, don haka uwar takan fitar da wani abu mai laushi daga makahon hanjin nan ta dubura, dabam da kashinta na kullum, shi kuma ya leƙo daga jaka ya lashe, har tsawon makonni. Na ce masa ya daina ƙyama, ai abin da Bafillatana ke yi ke nan idan ta ɗiga tsohon nono a sabuwar madara don ta yi barci, iri ake zubawa. Bayan haka ne yake fita ya hau baya, ya fara tsinkar ganye, sai ya kai kimanin shekara guda kafin ya rabu da uwar. Wannan ne kuma ya sa jinyar kowala ke da wuya. Cutar kilamidiya, wadda ke makantar da su ta kuma hana mata haihuwa, ta yaɗu sosai a cikinsu, amma maganin da ke kashe ƙwayar cutar yana iya kashe ƙwayoyin hanjin ma, dabbar ta warke daga ciwo ta mutu da yunwa ganye na gabanta. Ga motoci, ga karnuka, ga sare daji don gina unguwanni, ga gobarar daji ta 2019 zuwa 2020, har a watan Fabrairu na 2022 gwamnatin tarayya ta sanya kowalar Kwinsland da New South Wales da yankin babban birnin ƙasar cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Da taro ya tashi sai na ƙi komawa gida ban ga dabbar a dajinta ba. Na hau jirgi zuwa Malbon, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna zuwa kudu, na kwana a gidan wani alhaji ɗan kasuwa mutumin Kumasi mai jin Hausa kamar jakin Kano, wanda ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma ɗauke ni da motarsa washegari. A can arewa ce ke da zafi, kudu ke da sanyi, kuma sanyin da na sha a wannan hanya ya fi na hunturun Funtuwa, alhali su a wajensu bazara ce. Hanyar, wadda ake kira Great Ocean Road, sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ne suka sassaƙe ta a jikin duwatsun bakin teku tsakanin 1919 da 1932, ga tuƙi ta hannun hagu, ga kwana bayan kwana, na riƙe kujera har muka isa wani ɗan ƙauye mai suna Kennett River. Alhajin ya ce, "Malam, kada ka wahalar da wuyanka da kallon sama, ƙasa za ka duba." Gaskiyarsa, domin a gindin bishiyar da kowala take za ka ga kashinta birjik, 'yan dogaye kamar ƙwallon dabino, masu ƙamshin zaiti. Da muka ɗaga kai sai ga shi, wani ƙaton namiji, kuma na rantse da ban san labari ba da na ce wata dabba ce dabam. Gashinsa dogo ne mai kauri, launinsa ya yi duhu ya karkata zuwa ƙasa-ƙasa, kunnuwansa buzu-buzu, a jiki kuma ya kusa ninka waɗanda na gani a Birisben, domin namijin kudu yakan kai kilo 12, na arewa kuwa shida da 'yan kai.

A tsohon littafin darasina na rubuta cewa kowala ta kasu kashi uku, adustus ta Kwinsland, cinereus ta New South Wales, da victor ta Biktoriya, haka kuma na koyar shekara da shekaru. Amma binciken ƙwayoyin gado bai goyi bayan wannan rabo ba, kuma yawancin masana yanzu iri ɗaya suke ɗaukarta. Girman da kaurin gashin suna ƙaruwa ne sannu a hankali daga arewa zuwa kudu gwargwadon sanyi, babu wani layi da za ka tsaya ka ce nan wannan ta ƙare waccan ta fara. Waɗanda suka yi rabon farko kan iyakar jihohi suka bi, ita kuwa dabba ba ta san iyakar jiha ba. Wanda ya taɓa bin kasuwannin awaki daga Agadas zuwa Maraɗi zuwa kurmi, ya ga doguwar akuyar sahel, da ja, da gajeriya, duk kuma akuya ce, zai gane abin da nake nufi.

Mun kwana a wani ɗakin katako a kusa da Cape Otway. Cikin dare wani sauti ya tashe ni, minshari mai zurfi idan an ja numfashi, gyatsa mai ƙarfi idan an sake shi, yana maimaituwa har katakon yana amsawa. Na zauna ina karanta abin da ya sawwaƙa, alhajin kuwa ya juya ya ce namijin kowala ne, lokacin barbararsu ne. Yadda dabbar da ba ta kai ɗan tunkiya ba take fitar da muryar da ta dace da bijimi ya daɗe yana ba masana mamaki, sai a 2013 aka gano cewa bayan igiyoyin murya na maƙogwaro, tana da wasu manya guda biyu a can bayan ganda, inda hanci da baki suke haɗuwa. Na tuna amale idan ya tashi yana kumfa yana gurnani da tsokar gandarsa a waje. Da safe muka ga mai muryar a bishiyar da ke bayan ɗakin, da wani tabo mai maiƙo launin ƙasa a tsakiyar farin ƙirjinsa, wanda yake goga wa jikin bishiya don sauran maza su san da zamansa, warin kuwa bunsuru ba zai nuna masa komai ba.

A hanyar zuwa hasumiyar jiragen ruwa ta Cape Otway muka ratsa wani wuri da ya sa na yi shiru. Bishiyoyi ne tsaye farare fat, babu ganye ko ɗaya, kamar dajin da fari ya cinye, alhali ƙasa kore shar. Kowala ce ta kashe su. An kawo 'yan kaɗan nan daga wani tsibiri a farkon shekarun 1980, suka sami irin turaren da suka fi so, suka hayayyafa, suka cinye ganyen har bishiyoyin suka mutu, su ma yunwa ta kama su, har hukuma ta kashe kusan 700 da suka galabaita tsakanin 2013 da 2014, ta kwashe wasu, ta sanya wa mata maganin hana haihuwa. A ƙasa ɗaya, a arewa ana neman yadda za a hana ta ƙarewa, a nan kuma ana neman yadda za a rage ta. Ko wadda ta tsira daga wannan duka, ganyen ne ke gamawa da ita, domin haƙoran wambat suna ci gaba da tsiro har mutuwa, nata kuwa ba sa yi, idan ta haura shekara goma turamen sukan side, ta kasa daddatsa abincin, ƙarfi ya ƙare.

Komowa ba ta da labari, sai dai tsawo. A filin jirgin Malbon na saya wa autata 'yar tsanar kowala da ragowar dalolina, na kuma lura cewa masu ɗinkin sun yi mata dunƙulallen hannu, babu babban yatsa ko ɗaya balle biyu. Na iso Katsina ana ta girbin gero. Ranar Litinin na buɗe tsohon littafin darasin na soke layuka ukun nan da jan biro, na aiki wani ɗalibi ya karyo mana reshen turaren da ke ƙofar aji, da shi muka fara babin. Da na koma gida da yamma na tarar autar ta samo ɗankwalin uwarta, ta goya 'yar tsanar a baya, tana zagaya tsakar gida tana jijjiga ta.